Gangar da Toader Ya Binne

Shebur ya shiga ƙasa da sauƙi, amma Zamfira ba ta kula ba. Zuciyarta tafasa take yi.

Ranar da ta haifi Ilinca, mijinta Toader ya binne gangar jar giya a gindin bishiyar nan, ba mai taɓawa sai ranar auren yarinyar. Inabin tudunsu sanyi ne ke renonsa. Giyarsa tana sabuwa tsaminta sai ya kashe haƙori, sai ta sha shekaru a duhu take yin laushi. Mutanen kwari ba su san wannan haƙurin ba. Shi ya sa Costache, ɗaya daga cikinsu, ya ce a tsakiyar kasuwa wai ruwan tsami suke binnewa. Shi ya sa kuma da ɗansa ya zo neman Ilinca, Zamfira ta raka shi da tsintsiya.

Yarinya ta tafi birni aiki, ba ta ƙara ɗaga maganar aure ba. Bara da kaka Toader ya tashi da ciwon baya, ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi birni ganin likita, ƙanensa Gavril ya raka shi. Sanyin hunturu ne ya yi ajalin Toader.

Jiya kuma Costache ya cire mata hula a hanya, har da murmushi. Raini! Yau sai ta ɗura masa kofi guda na giyar nan, ya je ya janye maganarsa a kasuwar da ya faɗe ta.

Shebur ya daki katako. Ta share ƙasa, ta ƙwanƙwasa gangar. Fanko.

Da shebur a hannu ta faɗa gidan Gavril.

"Fito, ɓarawo! Mashayin banza! Ko kabarin yayanka bai bushe ba!"

"Haba matar yaya, ajiye makamin mana."

"Ka sha ko ba ka sha ba?"

"Na sha. Kai, giya ke nan! Sulɓi take a maƙogwaro. Costache ma sai da ya yi ƙwalla, ya nemi gafara."

"Costache? Giyar auren 'yata ka shayar da Costache?"

Gavril ya sosa ƙeya, ya laɓe bayan ƙofa.

"To ai a wajen auren nata da ɗansa muka sha, can a birni. Yaya ne ya tono da hannunsa."