Badukun da ya kankare jan takalmansa

Na ga tun da manyan ƙasashen nan suka fara sa wa juna takunkumi duk ka rame, kayanka na jibge a sito, kana tsoron fitar da su kada a kama. To, zauna ka ji.

An yi wani baduku a wani ƙauye da ke tsakanin birane biyu, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Jajayen takalma yake ɗinkawa. Karan dafin da yake rina fata da shi daga birnin gabas yake zuwa, kasuwarsa kuwa birnin yamma, can yake sayarwa ya auno hatsin da gidansa zai ci har kaka. Ana nan sai sarakunan biyu suka ɓata a kan mashigin kogi, sarkin yamma ya sa aka yi shela a kan kayan gabas. Shelar ba ta iso ƙauyen da ƙafarta ba, a bakin mutane ta zo, kowa da gishirin da ya ƙara mata. Wannan ya ce an ƙone wa wani falke kaya a bakin ƙofa, wancan ya ce har jakinsa aka ƙwace. Baduku ya dubi takalman da ya kwashe rani yana ɗinki, duk ja wur da rinin gabas, sai ya ɗauka shelar ta shafe su. Ga rumbu ya kusa ƙarewa, ga damina ta kawo kai. Matarsa ta ce ya je ƙofar birnin hannu rabbana ya ji abin da aka hana da kunnensa. Ya ƙi. Wai duk wanda ya je tambaya dogarai za su riƙe fuskarsa, su ce da ma yana da abin ɓoyewa. Ka ji wayon matsoraci! Sai ya rufe ƙofarsa, ya jiƙa takalman a ruwan toka, ya bi su da dutse yana kankarewa har jan ya fita. Fata ta bushe ta ƙandare, ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta san mai ba.

Ranar kasuwa ya koro jakinsa zuwa ƙofar birni. Dogari ya buɗe mangala, ya cusa hannu, ya tambaye shi ko akwai ƙarfe ko kanwa a ƙasa. Ya ce babu. Dogari ya ce, "Wuce." Shi ke nan fa. Ashe abu biyun nan kaɗai aka hana, rini ba wanda ya ko ambace shi. Da ya shiga layin dukawa sai ya tarar 'yan'uwansa sun baza jajayen takalma, mutane na rububi. Nasa kuwa, mai saye zai ɗauka ya lanƙwasa, fata ta tsage, ya ajiye ya wuce. Haka kasuwa ta watse. Ya ɗaure kayansa ya juyo gida babu ko tiya guda ta hatsi. Da yaransa suka hango mangala cike sai suka rugo suna murna, sun zaci gero ne. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai tausayi ya kama ni.

Ban ce maka dokar ba ta cizo ba, tana yi, kuma ni ma ina tsoronta. Amma kafin ka taɓa kayanka, tashi ka je wurin masu ita ka ji inda ta fara da inda ta tsaya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce matambayi ba ya ɓata.