Gizo-gizon Ɗakin Inji

Har an watso kayan Balaraba ƙofar gida lokacin da Malama Badiyya ta iso Ɗansoshiya. Tabarma ce, da kwalla biyu, da ƙullin tufafi. Ita kuwa Balaraba tana durƙushe a gindin katanga, mayafinta a yage, samari sun kewaye ta, wasu riƙe da sanduna.

Badiyya malamar jami'a ce mai binciken gizo-gizo. Makonta na uku ke nan tana yawo tsakanin Bebeji da Doguwa da jaka a kafaɗa, tana leƙa tsofaffin tayoyi da ƙarƙashin bencina. Mutanen garin sun san ta, har dariya suke yi mata. Yau ba mai dariya.

Malam Muhuyi, yayan mijin Balaraba, shi ya ba ta labari. Da safe ƙanensa Inusa ya shiga ɗakin bayan gida inda yake ajiye injin ban-ruwa da kayan noma, matarsa ta kai masa kunu can. Kafin hantsi aka tsince shi yana birgima, ciki ya ɗaure, gumi kamar an kwara masa ruwa. Yanzu yana asibiti a Tudun Wada, bai san wanda yake kansa ba.

"Mijinta na fari ma kwana ɗaya ya yi yana jinya ya rasu," in ji dattijon. "Wannan karon yaran nan ba za su jira hukuma ba, ni kuma na gaji da ba su haƙuri."

"Baba, a ba ni izini in duba ɗakin," in ji Badiyya.

Ta ce kowa ya tsaya daga waje, kada motsi ya kori abin da take nema. Tana shiga wani wari ya buge ta, ta toshe hanci da bakin mayafi. Ta bi bango, ta ɗaga buhuna, ta haska ƙarƙashin inji. Ta tsaya ta daɗe tana kallon wuri guda.

A waje hayaniya ta ƙaru. Ta ji ƙarar dutse a jikin katanga, sannan ta ji ihun Balaraba.

Ta fito da kwalba a hannu. A ciki ga gizo-gizo ruwan ƙasa. Da ta juya kwalbar sai aka ga tambari ruwan lemo a cikinsa, mai siffar kalangu.

"Turawa suna ce masa mai takaba," ta ce. "Danginsa sun watsu a duniya, akwai mai baƙin jiki a Amurka, akwai mai jan baya a Ostareliya. Wannan shi ne namu. Dafinsa yana kawo gumi da ɗaurewar ciki."

"Kin tabbata, 'yar nan?"

"Na tabbata wannan yana cizo, Baba."

Kwalba ta bi hannu-hannu. Sanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Malam Muhuyi ya dafe kai yana istigfari, ya ce a mayar da kayan cikin gida. Balaraba ba ta yi godiya ba. Ta ɗago ta kalli Badiyya, kallo mai tsawo, sannan ta sunkuyar da kai.

Aka kawo wa Badiyya fura, ta ce sauri take yi. Ta shiga motarta ta tayar. Tana fita daga gari ta tsaya a gefen hanya, ta nemo lambar likitan da ke duba Inusa.

"Likita, za a kawo maka zancen gizo-gizo, kada ka bi ta kai. Maganin feshi ne. Na ga robarsa a buɗe kusa da kofin kununsa. Ko tsautsayi ne ko ganganci, Allah kaɗai ya sani."

"To gizon da aka bugo mini aka ce kin samo fa?"

"Ko yanar gizo-gizo babu a ɗakin nan. Tun shekaranjiya yake cikin jakata, a Riruwai na kamo shi."