Akwatin Ƙarshe na Kurrabin

Wayar ta nuna sun iso, amma Raelene ba ta ga komai ba sai shingen waya da busasshiyar ciyawa. Ta tsaya riƙe da wayar, ƙudaje na bin bayan rigarta, ba ta ko kore su ba.

Wasan dai sananne ne a yankin. Wani ya ɓoye ƙaramin akwati a daji, ya saka lambobin wurin a intanet, masu sha'awa su bi da waya su nemo. Na kewayen ƙauyen Kurrabin sun fita daban, domin kowane akwati na ɗauke da 'yar na'ura mai maɓalli ɗaya, in ka danna sai waƙa ta tashi, daga cikin waƙoƙin wata ƙungiyar makiɗan ƙauyen da ta daɗe da watsewa.

Kowace Asabar Raelene kan ɗauko dattijo Merv a mota su fito nema. Sun gano duka, saura wannan. Ranar Litinin za a kai Merv gidan kula da tsofaffi a birni, kuma daga can ba mai sake kawo shi daji.

"Direba, wayar nan taki maƙaryaciya ce," in ji Merv.

"Haka kake cewa kullum."

Bai jira ta ba. Ya dogara sanda ya bi gefen shingen, ya wuce tankin ruwan tumaki, ya nufi wata tsohuwar bishiyar turare da gobara ta ƙone wa ciki. Dougie, mai gonar da suke ciki, ya zo wucewa a babur, karensa a baya.

"Merv, tsohon banza! Ashe ba ka mutu ba?"

Merv ya ɗaga masa hannu kawai. Dougie ya dubi Raelene, ta girgiza kai, sai ya gyara hularsa ya ja babur.

"Mutanen nan akwai shisshigi," in ji Merv.

Ya durƙusa da ƙyar, bai ko leƙa ba ya zura hannu cikin kogon bishiyar, can sama ta hagu, ya zaro akwatin roba da ya koɗe. Ya yi dariya kamar yaro.

"Wanda ya ɓoye wannan mugu ne. Amma ya iya."

Raelene ta buɗe, ta hure ƙurar, ta danna maɓallin. Shiru. Ta ciro batir daga aljihu ta canza. Ta sake dannawa.

Jitar katako ce ta fara, goge ya shigo, sannan ganga da jitar lantarki suka taso tare. Muryar wani saurayi ta hau kai, yana roƙon wata yarinya kada ta bi jirgin ƙasa zuwa birni, ta zauna su ga ƙarshen fari tare.

Raelene ba ta saurari waƙar ba. Fuskar Merv take kallo. Yatsunsa na hagu suna motsi a jikin sandar, leɓunansa suka buɗe, idonsa ya tsaya a kanta.

Waƙar ta ƙare.

"Yaron yana da murya," in ji shi. "Ko yarinyar ta zauna?"

"Ta zauna."

"Wauta ta yi. Kai ni gida, direba, yunwa nake ji."

Ta mayar da akwatin inda yake. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ko zafi ko kuka, ba abin da ya zo. A mota ta ɗaura masa bel, ta gyara masa wuyan riga, ta tayar da inji, ta kama hanyar gida da mijinta, wanda ya ɓoye akwatunan da hannunsa, ya kuma rera mata waƙar da bakinsa, tun kafin ciwon mantuwa ya shafe masa komai.