Tsinken Ashana Uku

"Inna, ki bar ƙofar nan, na kira kafinta," in ji ɗana ta waya.

Na ce to. Amma wata biyu ke nan tana jan ƙasa, tun rasuwar babansa. Na dubi ramin sukurun da ke riƙe da ita, na ga ya yi faɗi, na tuna dabarar marigayi. Na cusa tsinken ashana uku a ramin, na ɗauko sukudirebar keken ɗinkina, na murɗa har hannuna ya yi zafi.

Kafinta ya iso, ya buɗe ƙofar, ya rufe. Ko ƙara babu.

"Mama, wane oga ya riga ni?"

Na yi murmushi. "Wadda ta shekara talatin tana riƙe wa mijinta ƙofa yana ɗaurewa."