Wayar Kuloci Ta Sake Saki

Karo na uku ke nan a mako guda da malamar asibiti ta turo baburinta garejin wani bakanike. Ta ce da ta sa giya sai ya zabura, ko da ta matse kuloci.

Bakaniken ya tsuguna, ya taɓa wayar kulocin, ya ji ta yi sako-sako. A jikin notin da ya ɗaure shekaranjiya ga sabon tabon filaya. Ya ɗago kai ya dube ta.

"Malama, wannan ba lalacewa ba ce. Wani ne ke kwance miki. So yake ki faɗi a titi! Wa kike zargi?"

Ta sunkuyar da kai, tana murza mabuɗi.

"Ni ce."

Sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Ke? Da hannunki? Ki hau titi a haka?"

"Turo shi nake yi, ba na hawa. Shekara biyu kana gyara min babur, bakinka bai taɓa wuce maganar giya ba. An yi min canjin wurin aiki. Jibi zan tafi."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya goge hannu a riga, ya tambaye ta.

"Baba yana gida da la'asar?"