Mai Kuka Ba Ya Biyan Lampo

"Ga wani nan tafe da jaka!" Mansir ya raɗa wa Munzali, maƙwabcin shagonsa. "Tun da aka yi zaɓe 'yan lampo, masu karɓar harajin nan, ba sa wasa. Ka tuna shawarata: mai kukan babu ba a yanka masa haraji mai yawa."

Munzali ya tura dilolin atamfa bayan labule. Mutumin ya shigo da kwat da tabarau, ya yi sallama, ya zauna.

"Malam Munzali, yaya kasuwa?"

"Yallaɓai, kasuwa ta mutu. Ko na cefane ba na samu."

"Shagon naka ne?"

"Ina! Tsaro kawai nake yi wa mai shi. Bashi ya yi mini katutu, har a unguwar Godomey ana bi na. Kwana ma a masallacin Zongo nake yi."

Mutumin ya miƙe.

"Na gode da gaskiyarka. Ni kawun Labiba ne, yarinyar da kake nema. Babanta ya turo ni in ga ko za ka iya riƙe ta kafin a sa rana. Ka hutar da mu."