Kibiyar da Ta Koma Koriya

"Kashi hamsin!" Maigida ya juyo mini da kwamfutarsa, ga jar kibiya ta yi nutso. "Manaja, ciniki kake mana ko jana'iza? Ba ni dalili ɗaya da zai hana in sallame ka."

Na gyara zaman tabarau. Yau ga ranar furfurata.

"Ranka ya daɗe, yau fa goma ga wata. Manhajar nan cinikin kwana goma ta gwada da na watan jiya sukutum. Jariri ta haɗa kokawa da babansa."

Na jawo kwamfutar, na sa ta gwada kwana goman farkon watan nan da goman farkon watan jiya. Kibiya ta miƙe, koriya shar. Ashe ƙaruwa ma muka yi, har kashi arba'in.

Maigida ya washe baki. "Ikon Allah! To me muka canza a kwanakin nan?"

Muka shiga tunani. Kaya su ne, farashi shi ne, ma'aikata su ne. Tare muka tuno: yau na dawo daga hutun kwana goma.

Ya dafa kafaɗata.

"Koma gida ka ƙarasa watan, Manaja. Ina son ganin cikakken sakamako."